TAƘAITACCEN TARIHIN FASTO YOHANNA FREDERIK OBERLIN (1740-1826)

Da kwamitin bikin cikar ikkilisiyarmu shekara 50 ya roƙe mu mu rubuta tarihin wani bawan Allah domin wannan littafi, mutane da yawa sun zaci za mu ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda suka kawo mana bishara. Tarihinsu yana nan a wasu shafuka. Mu kuwa mun zaɓi wani faston ƙauye wanda bai taɓa taka ƙasar Afirka ba, domin majami'unmu da yawa suna da ajin renon yara a bayansu, amma kaɗan ne a cikinmu suka san inda abin ya samo asali.

An haifi Oberlin ranar 31 ga Agusta, 1740, a birnin Strasbourg da ke gabashin Faransa, kusa da iyakar Jamus. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Ya yi karatun tauhidi a jami'ar birnin, ya kuma zauna a gidan wani likitan fiɗa yana koyar da 'ya'yansa, inda ya tsinci ilimin magani. Niyyarsa ya zama faston sojoji. Amma a 1767 wani Fasto Stuber ya neme shi ya gaje shi a ƙauyen Waldersbach, cikin duwatsun Vosges, ya kuwa amsa kiran yana da shekara 26.

Jamusawa suna kiran yankin Steintal, wato kwarin duwatsu, sunan kuwa ya dace da shi. Ƙauyuka biyar ne a hannunsa: Waldersbach, Fouday, Belmont, Bellefosse da Solbach. Ƙasar ba ta da albarka, babu hanyar kirki, in ƙanƙara ta sauka sai a yanke su daga sauran duniya. Mutanen suna da nasu karin harshen, Faransancin wa'azi da na littafi kuwa ba kowa ke ji ba. Masu tarihinsa sun ba da labari cewa lokacin da Stuber ya fara zuwa ya nemi ganin makaranta, sai ya tarar da malamin tsoho ne a kwance a gado. Da can makiyayin aladu ne, da ƙarfinsa ya ƙare aka ɗauke masa aladun aka ba shi yara.

Oberlin ya ɗauki diga da hannunsa ya shiga aikin hanya, har aka gina gada a kan kogin Bruche. Ya kawo sabon irin dankalin Turawa, ya koya wa mutane dashen itatuwa da tara taki, ya buɗe asusun rance. Ba za mu tsaya a kan waɗannan ba.

Abin da ya fi damunsa shi ne ƙananan yaran da ba su isa shiga makaranta ba. Iyaye suna gona ko daji tun safe, yara suna yawo cikin sanyi da datti, ba mai duba su. A 1769 ya ji labarin wata budurwa a Belmont, Sara Banzet, wadda ta taɓa aiki a gidan Stuber. Ba wanda ya sa ta, ta riƙa tara yaran maƙwabta a ɗakinta mai murhu tana koya musu saƙa tana yi musu hira. Fasto ya je ya gani da idonsa, ya ɗauke ta aiki, ya yanka mata albashi. Ashe abin da mai digiri yake nema, 'yar aikin gida ta riga ta fara shi. Ya kamata a ba ta girmanta, domin sau da yawa akan manta da sunanta.

Daga nan ya kama hayar ɗakuna masu ɗumi a ƙauyukan, ya zaɓi 'yan mata masu haƙuri da son yara, shi da matarsa Madeleine Salome suka horar da su kafin a ba su aji. A ɗakunan nan manyan yara suna saƙa da kaɗi, ƙananan suna wasa. Malama takan nuna musu hotunan labaran Littafi Mai Tsarki da na dabbobi, ta ba su su shafa wa hotuna launi, ta koya musu waƙa da addu'a, duka cikin Faransanci, domin harshen ya zauna musu tun suna ƙanana. In yanayi ya yi kyau sai a fita daji. Yaro ya tsinko ganye da hannunsa, a faɗa masa sunansa da amfaninsa, a nuna masa wanda yake da dafi don kada ya kai baki. Har taswirar ƙasa Oberlin ya buga musu da kansa. Bai yarda a riƙe ɗan shekara huɗu a kan benci wuni guda ba.

A nan muka daɗe muna tunani. Mun ziyarci azuzuwan renon yara inda aka cusa yara a ɗaki maras taga, malama ɗaya da bulala, ana ta rera baƙaƙen Turanci da ƙarfi har a tashi, iyaye kuma suna murna wai yaro yana karatu. In aka tambayi yadda aka ɗauki malamar, sai a ce ita ce ta yarda da ɗan abin da za a biya. Mu dattawa da muke zama a kan kasafin kuɗi mun san wannan magana, ba baƙuwa ba ce a gare mu.

Wadda ta riƙe aikin fiye da kowa ita ce Louise Scheppler, 'yar Bellefosse, haifaffiyar 1763. Ta shiga gidan fasto tana da shekara 15 a matsayin 'yar aiki, a 1779 kuma ta fara kula da ƙananan yara a Waldersbach. Da matar fasto ta rasu a 1783 ta bar yara bakwai, Louise ce ta rene su, tana kuma bin hanyoyin duwatsu daga ƙauye zuwa ƙauye cikin ƙanƙara tana duba makarantun. Daga baya ta roƙi fasto ya daina biyanta, ya ɗauke ta kamar 'yarsa. Kada wani ma'aji ya karanta wannan ya ce ya sami hujja: ita ta zaɓa da kanta, Oberlin kuwa ya yi ta neman dabarar da kuɗin zai isa hannunta, tana mayarwa.

A lokacin juyin juya halin Faransa an kama shi na ɗan lokaci a 1794, aka sake shi ya koma aikinsa. A 1819 gwamnatin ƙasar ta ba shi lambar girma. Ya yi shekara 59 a ikkilisiya ɗaya, ya huta ranar 1 ga Yuni, 1826, aka binne shi a Fouday. Mutanensa Baba Oberlin suke kiransa, haka kuma aka rubuta a kabarinsa. A 1833 aka kafa kwaleji da sunansa a jihar Ohio ta Amurka. Makarantar yara ta Bajamushe Froebel, wadda duniya ta fi sani, sai a 1840 aka kafa ta, wajen shekara 70 bayan ɗakin Sara Banzet.

Louise ta ci gaba da aikin bayan rasuwarsa. A 1829 aka ba ta kyautar Montyon ta faran 5,000, ta kashe kuɗin a kan yara da matalautan kwarin. Ta rasu a 1837, aka binne ta a Fouday kusa da shi. Gidan faston na Waldersbach ya zama gidan tarihi, inda ake nuna busassun ganyaye, hotuna da kayan wasan da aka koyar da yaran da su.