John Milne, Mai Sauraron Motsin Ƙasa

Ya kai ɗalibi, wataƙila ka ji labarin motsin ƙasar da ya firgita mutanen Mpape a Abuja cikin watan Satumba na 2018. Masanan da ke bin diddigin irin wannan motsi a Nijeriya, kamar na cibiyar Toro a Jihar Bauci, suna aiki da na'urorin da kan ji har girgizar da ta auku a wata nahiya. Cikin waɗanda suka share wannan hanya akwai wani Bature mai suna John Milne.

An haife shi a Liverpool ta ƙasar Ingila a 1850. Ya karanci ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai, sa'an nan gwamnatin Japan ta ɗauke shi aikin koyarwa a Tokyo a 1876. Ran 22 ga Fabrairu, 1880, ƙasa ta girgiza a birnin Yokohama. Daga nan shi da abokan aikinsa, James Ewing da Thomas Gray, suka duƙufa wajen ƙera na'urar awo.

To, ta yaya za ka auna motsin ƙasa alhali a kanta kake tsaye? Ga dabarar. Akan rataye wani abu mai nauyi a jikin na'urar. In ƙasa ta motsa, gindin na'urar yakan bi ta nan take, mai nauyin kuwa yakan yi jinkiri. Wannan bambanci shi na'urar Milne ke zanawa da haske a kan takardar hoto, tare da lokacin da abin ya faru.

Tun 1883 Milne yake ganin za a iya jin kowace babbar girgiza a ko'ina a duniya, muddin na'urar ta dace. A 1889 maganarsa ta tabbata, domin wata na'ura a Potsdam ta Jamus ta kama girgizar da aka yi a Japan.

A 1895 gobara ta cinye gidansa da littattafansa da kayan aikinsa. Wani da sai ya haƙura. Shi kuwa ya koma Ingila da matarsa Tone, 'yar Japan, ya kafa tashar awo a Shide, a tsibirin Wight. Ya sa aka girka na'urori iri ɗaya a ƙasashe da dama, tashoshin suna aiko masa da abin da suka rubuta.

Ka lura da amfanin yawan tashoshi. Girgiza takan aika da motsi iri biyu ta cikin ƙasa, ɗaya ya fi ɗaya sauri. Gwargwadon nisan wuri, gwargwadon tazarar lokacin da ke tsakanin isowarsu. Tasha ɗaya nisa kawai za ta gaya maka. Amma in ka sami uku, ka zana da'ira kewaye da kowace a kan taswira, inda da'irorin suka haɗu nan girgizar ta taso.

Milne bai daina tara waɗannan rahotanni yana buga su ba, har ciwon ƙoda ya yi ajalinsa a Shide ran 31 ga Yuli, 1913.