Amadu Hampate Ba: Bafillacen da ya bi dattawa da alƙalami

'Yan'uwana ɗalibai, da aka ce kowa ya kawo wani magabaci da za mu tuna a wannan fitowa, ban yi dogon tunani ba. Amadu Hampate Ba na zaɓa, don shi ne ya sa na ji kunyar kaina a ɗakin karatu, ranar da na gane ba zan iya kai tatsuniya ɗaya ta kakata ƙarshe ba.

An haife shi wajen 1900 a Bandiyagara ta ƙasar Mali, garin da ke kusa da dogayen duwatsun da Dogon suka kafa ƙauyukansu a jiki. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya tashi a hannun mijin mahaifiyarsa Kadija. A gidan nan ake hira da dare, maroƙa da masana tarihi suna zuwa. Akwai wani gwanin labari mai suna Kullel, yaron kuwa ya riƙa haddace abin da ya ji yana maimaita wa abokansa, har aka laƙaba masa Amkullel, wato ƙaramin Kullel. Karatun addini kuma a gaban Cerno Bokar ya yi shi, malamin Tijjaniyya da ya zame masa uba.

Ya yi boko na Faransawa, amma a 1921 ya ƙi tafiya makarantar horon malamai ta Gore. Hukuncinsa shi ne aka tura shi Wagadugu a matsayin ƙaramin akawu. Kun ga horon ya zame masa alheri: shekara goma yana yawo a wannan ƙasa, duk inda ya sauka sai ya nemi tsofaffin garin ya zauna ya rubuta. Daga baya rikicin Hamalliyya ya jawo wa malaminsa tsangwama har ya rasu a 1940, shi ma 'yan mulkin mallaka suka sa masa ido. Theodore Monod ne ya ɗauke shi aiki a cibiyar bincike ta IFAN a 1942, ya samu sararin aikinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya ɗauki labari da ƙasar da ta haife shi a matsayin abu guda. A Masina, kogin Neja yakan malale fadama duk shekara, makiyaya su janye shanu zuwa tudu, ruwa ya ja su dawo wa ciyawar burgu. Tarihin daular Seku Amadu, wadda ta yi zamani da ta Sakkwato, yana ɗaure da waɗannan mashigai da burtali. Ya yi shekaru yana jin bakin mutane da yawa, yana gwada ruwayar wannan da ta wancan, kafin littafin daular ya fito a 1955. Haka ya rubuta Kumen da Kaidara, labaran da Fulani ke tarbiyya da su.

A UNESCO, a 1960, ya ja hankalin duniya cewa rasuwar dattijo masani asara ce irin ta gobarar ɗakin littattafai. Ya zauna a majalisar zartarwarta daga 1962 zuwa 1970. Yana cikin taron Bamako na 1966 kan daidaita haruffan harsunan Afirka ta Yamma, Hausa da Fulatanci na ciki. Ya rasu a Abijan ranar 15 ga Mayu, 1991.

To, mu fa? Shi da ƙafa da takarda ya yi. Mu kowa na da waya a aljihu, muna kiran gida duk mako, amma daga ya jiki sai ya sanyi. Kakata ta rasu ina nan ina jarabawa, Gizo da Ƙoƙinta suka tafi da ita. Wanda nasa tsoho ke raye, don Allah a kiran Juma'ar nan ya tambaye shi sunan rafin garinsu da dalilin sunan, ya naɗi amsar.

Allah ya jiƙan Amadu Hampate Ba, ya jiƙan magabatanmu, amin.