Florence Nightingale: Uwar aikin jinya da ta kafa makarantarta a kan tsoron kora

Hoton da duniya ta fi riƙewa na Florence Nightingale shi ne na mace riƙe da fitila tana zagaya gadajen sojojin da suka ji rauni cikin dare. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinta kuwa sun san ta da wata fuska daban: mace mai tsauri, wadda ba ta jinkirin sallamar nas idan ta ga alamar za ta jefa majinyaci cikin haɗari ko ta zubar wa aikin mutunci.

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na Italiya, a gidan attajiran Ingila. Iyayenta sun ƙi amincewa da burinta na jinya, kuma suna da dalili. A Ingila ta wancan zamani, jinya aiki ne na matan da suka rasa abin yi, ba su da horo, an kuma san da yawansu da shan barasa a bakin aiki. Duk da haka ta tafi Kaiserswerth a Jamus a 1851 ta yi 'yan watanni tana koyo, sannan a 1853 ta shugabanci wani ƙaramin asibitin mata a Landan.

Yaƙin Kirimiya ne ya fito da sunanta. A watan Nuwamba 1854 ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, a Istanbul ta yau, da mata 38. Likitocin soja ba su yi maraba da su ba, kuma ta san kuskuren mace ɗaya ya isa a ce duka su tattara su koma gida. Don haka ta mayar da da dama daga cikinsu Ingila, wasu saboda maye, wasu saboda rashin iya aiki. Akwai wata mai suna Elizabeth Wheeler da ta rubuta wa danginta wasiƙa tana zargin likitoci da sakaci, wasiƙar ta fito a jaridar The Times, aka kuwa sallame ta. Halin da asibitin ke ciki ya yi muni ƙwarai, don haka ba kowa ne ke ganin an yi wa Wheeler adalci ba.

Jama'a sun tara kuɗi fiye da fam 44,000 da sunanta. Da su aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan jinya a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, da ɗalibai 15, horon shekara guda. Nightingale ba ta koyar a aji ba, domin ta dawo daga yaƙi da rashin lafiyar da ta tsare ta a ɗaki shekaru masu yawa. Ragamar makarantar tana hannun Sarah Wardroper, shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin.

Kowace ɗaliba tana da takardar da ake cikewa duk wata. Gefe ɗaya na ƙwarewa ne: ɗaure rauni, gyara gado, kula da wanda ba ya iya motsi, dafa abincin marar lafiya, lura da sauyin jikin majinyaci. Ɗaya gefen na hali ne: zuwa a kan lokaci, natsuwa, riƙon amana, tsabtar jiki da tsarin ɗakin jinya. Ɗalibai suna kwana a cikin asibiti, ba a barin ɗaya ta fita ita kaɗai, kuma soyayya da ɗaliban likita tana iya kai mace ga kora. An sallami ɗalibai tun daga rukunonin farko, kan maye, rashin biyayya da rashin gaskiya. A ganin Nightingale, nas da za ta ce ta ba da magani alhali ba ta bayar ba ta fi wadda hannunta bai faɗa ba haɗari, domin ta biyu ana iya koya mata.

Sai dai tsaurin bai hana ɓaraka ba. A farkon shekarun 1870 ta gano cewa makarantar ta yi rauni: ana amfani da ɗalibai a matsayin ma'aikata masu arha, darasi ya yi ƙaranci, Wardroper kuma tana yanke hukunci yadda ta ga dama ba tare da ta san ɗaliban sosai ba. Abin da ya fi muni, Richard Whitfield, likitan da aka ɗora wa koyar da su, shi kansa ana zarginsa da shaye-shaye. Ana korar 'yan mata kan laifin da malaminsu ke yi. Ya ajiye aikin a 1872, likitan fiɗa John Croft ya karɓi darussan. Nightingale ta sa aka ƙirƙiro muƙamin wata babbar nas da za ta zauna da ɗalibai a gidan kwanansu, ta san halin kowacce, ta kuma taimaka musu da karatu. Ita ma ta fara gayyatar su gidanta ɗaya bayan ɗaya tana yi musu tambayoyi tana rubutawa.

Wannan imani da hali ne ya sa ta yi adawa da yunƙurin Ethel Bedford Fenwick na kafa rajistar ma'aikatan jinya ta ƙasa tun daga 1887. Hujjarta ita ce jarrabawa ba ta auna amana, kuma takardar shaida ba ta nuna yadda mace ta koma bayan shekara biyar. A nan tarihi bai bi bayanta ba: majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar rajistar a 1919, kuma irin wannan rajista ce hukumomin jinya ke amfani da ita a yau wajen cire sunan wanda ya saɓa ƙa'ida.

A 1907 ta zama mace ta farko da aka bai wa lambar girmamawa ta Order of Merit. Ta rasu a Landan ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90, aka binne ta a East Wellow kusa da iyayenta. Shekara 36 bayan haka, Kofoworola Abeni Pratt daga Legas ta shiga wannan makaranta ta St Thomas, kuma a 1964 ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na jami'ar Ibadan.