Sarkin Musulmi Attahiru Ɗan Ahmadu: Daga Gidan Shehu Zuwa Burmi, Daga Burmi Zuwa Bakin Nilu

A wannan fili namu na tarihin magabata, yau za mu kawo takaitaccen tarihin marigayi Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu, wanda ya yi shahada a Burmi cikin shekarar 1903, tare da bin salsalar gidansu tun daga kakanni har zuwa jikoki. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin matasanmu a nan Sudan sun san sunan garin Maiwurno, amma idan aka tambaye su wane ne mai sunan, kuma ɗan wane ne, sai su yi shiru. Hausawa kuwa sun ce tushiya mafarin dawa.

Attahiru ɗa ne ga Sarkin Musulmi Ahmadu, shi kuma ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Gidan Shehu Fulani ne Toronkawa, waɗanda tarihin gidan ya nuna cewa kakansu Musa Jakollo ya taso daga Futa Toro ta ƙasar Senegal ya zauna a Ƙonni, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar. An haifi Shehu a Maratta a 1754, ya yi karantarwa a Ɗegel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, sannan ya rasu a Sakkwato a 1817.

Bayan Shehu, ɗansa Muhammadu Bello ya riƙe sarauta daga 1817 zuwa 1837, sai ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi har zuwa 1842. Daga nan ne manyan gidajen sarauta biyu suka fito, wato gidan Bello da gidan Atiku, sarautar tana kai da komo a tsakaninsu. Ahmadu ɗan Atiku, mahaifin Attahiru, wanda ake kira Mai Cimmola saboda garin ribaɗin da ya zauna, ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866. Haka kuma baffan Attahiru, wato Abdurrahman ɗan Atiku, ya yi sarauta daga 1891 har ya rasu a watan Oktoba na 1902. A nan ne masu zaɓen sarki suka naɗa Attahiru.

Sarautar ta zo masa a cikin mawuyacin lokaci. Tun ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya yi shelar cewa Arewacin Nijeriya yana ƙarƙashin Ingila. Bida da Kwantagora da Yola sun faɗi a 1901, Bauci ta bi baya a 1902. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Turawa suka shiga Kano, a daidai lokacin da Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato domin yi wa sabon Sarkin Musulmi mubaya'a. Manyan Sakkwato kuwa ra'ayinsu ya kasu uku: wasu na ganin a yi sulhu, wasu a tsaya a yi yaƙi, wasu kuma a yi hijira a bar wa Nasara ƙasar. Kafin a gama shiri sai ga rundunar Kanar Morland a bakin gari. Ranar 15 ga Maris 1903 aka gwabza a filin Giginya, inda masu takobi da mashi da kwari da baka suka fuskanci bindiga mai ruwa. Yaƙin bai daɗe ba.

Daga nan hanya ta rabu. Waziri Buhari ya koma gari ya yi sulhu domin kada talakawa su zauna babu jagora, Lugga kuma ya naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, daga gidan Bello. Shi kuwa Attahiru ɗan Ahmadu ya nufi gabas da niyyar isa Makka. Wannan tunani na hijira zuwa gabas daɗaɗɗe ne a cikin jama'ar Shehu, domin tun zamanin Bello ana maganar cewa wata rana jama'a za su tashi zuwa wajen kogin Nilu. Saboda haka duk inda ya ratsa sai mutane su bar gonakinsu da gidajensu su bi shi, malamai da sarakuna da talakawa, har abin ya tayar wa Turawa hankali. Cikin waɗanda suka haɗu da shi akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nupe Abubakar, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, da Alfa Hashim na gidan Alhaji Umarul Futi.

Ayarin ya yada zango a Burmi, kusa da dutsen Bima a ƙasar Gombe. Mutanen Burmi sun riga sun kori wata rundunar Turawa a watan Mayu, don haka Turawa suka dawo da ƙarfi. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka wuni ana yaƙi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da mutum fiye da 600 bisa ƙirgen Turawan da kansu. A ɓangarensu kuma shugaban rundunar, Manjo Marsh, ya mutu. Tutar Sarkin Musulmi da suka kwashe zuwa Ingila sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato. Zamansa a kan gadon sarauta a Sakkwato bai kai wata shida ba.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, yana cikin waɗanda suka tsira. Shi ne ya ja ragamar sauran jama'a suka ci gaba da tafiya ta ƙasashen da yanzu ake kira Kamaru da Cadi, har suka iso bakin Shuɗin Nilu wajen shekarar 1906, suka kafa gari kudu da Sinnar kaɗan, wanda ya ɗauki sunansa. Hukumar Turawa ta wancan lokaci ta amince da sarautarsa, garin kuma ya zama masaukin alhazai da baƙi daga yamma. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, mutanenmu suna cikin waɗanda suka zuba gumi a gonakin. Mai Wurno ya rasu a shekarun 1940, ɗansa Muhammadu Ɗahiru ya gaje shi.

Reshen gidan da ya zauna a Sakkwato shi ma ya taɓa sarauta. Ɗan'uwan Attahiru, Muhammadu Maiturare ɗan Ahmadu, wanda ya kafa Gwadabawa, ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, sai ɗansa Muhammadu Tambari daga 1924 zuwa 1931. Ke nan akwai lokacin da jikokin Ahmadu biyu suke sarauta a tare, ɗaya a Sakkwato, ɗaya a bakin Nilu. Tun bayan Tambari gidan Atiku bai sake riƙe sarautar Sarkin Musulmi ba.

Sanin irin wannan salsala yana da amfani a gare mu ko ta fuskar takarda. Dokar jinsiyya ta Sudan ta 1957 ta shar'anta cewa asalin mutum ya kasance a ƙasar nan tun ƙarshen 1897, abin da ya bar jikokin masu hijirar Burmi da dama a waje, duk da an haife su a nan. Dokar 1994 ce ta mayar da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956. Duk wanda ya taɓa neman jinsiyya ya san cewa tambayar farko ita ce uba da kaka, da inda suka zauna, da wanda zai shaida. Ga shi kuma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, wanda ya kai jihar Sinnar a 2024, ya tarwatsa iyalai da yawa, takardu sun salwanta, dattawan da suka riƙe tarihi a ka suna ta rasuwa.

Don haka muna kira ga matasa, 'ya'yan sarakuna da 'ya'yan talakawa baki ɗaya, kowa ya zauna da tsofaffin gidansu ya rubuta sunan mahaifi da kaka da kakan kaka, da garin da suka taso, da hanyar da suka bi, da inda aka binne kowannensu, ya bai wa 'yan'uwa kwafi. Mafi yawan waɗanda suka bi Attahiru talakawa ne, kuma babu littafin da ya riƙe sunayensu sai bakin jikokinsu.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Attahiru da shahidan Burmi, Ya gafarta wa magabatanmu, Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a ƙasarmu, amin.