Wilfred Rhodes: Ɗan Ƙarshen Layi Da Ya Koma Gaba

Mu a Tawa kokawa muka sani, amma tarihin Wilfred Rhodes, ɗan wasan kurket na Ingila, ya shafe mu. An haife shi a 1877. Gwanin jifan ƙwallo mai murɗawa ne, amma wajen bugu shi ne na 11, wato ƙarshen layi. A 1902, saura maki 15 Ingila ta doke Ostireliya, shi kaɗai ya rage bai shiga ba. Ya shiga, shi da George Hirst suka cike. Ya dage da koyon bugu, har a 1912 shi da Jack Hobbs suka buɗe wasa da maki 323. Ya rasu makaho a 1973.

Mai ƙaramin tebur a bakin kasuwa, kada ki raina wurinki.