C.S. Lewis: Shaihin malamin da bai ji kunyar tatsuniya ba

A watan Oktoban 1950 wani kamfanin ɗab'i da ke Landan ya fitar da wani ɗan littafin yara mai suna The Lion, the Witch and the Wardrobe. Marubucinsa yana da shekara 51, bai taɓa aure ba, ba shi da ɗa balle jika, sana'arsa kuwa koyar da daɗaɗɗen adabin Ingilishi a Jami'ar Oxford. Ya sadaukar da littafin ga Lucy Barfield, 'yar wani amininsa, wadda a lokacin take da shekara 14. A shafin sadaukarwar ya ba ta haƙuri cewa kafin ya kammala rubutun ta riga ta wuce shekarun tatsuniya, sannan ya yi mata albishir cewa wata rana za ta ƙara girma har ta isa sake karantawa.

Har yau akwai magidanta da ke ɓoye bangon littafi in suna karanta labarin yara a cikin jama'a, don kada a ce girma ya faɗi. Clive Staples Lewis ya shafe rayuwarsa yana musun cewa akwai abin kunya a nan, kuma hujjarsa mafi ƙarfi tana cikin tarihinsa.

An haife shi ranar 29 ga Nuwamban 1898 a birnin Belfast da ke tsibirin Ireland. Mahaifinsa Albert lauya ne, mahaifiyarsa Flora kuwa 'yar limamin coci ce da ta yi digiri a fannin lissafi, abin da ba kasafai mata ke samu ba a wancan zamani. Tun yana ƙarami ya ƙi sunansa na yanka ya zaɓi Jack, kuma da shi 'yan'uwa da abokai suka kira shi har mutuwa. A 1905 iyalin suka koma wani katafaren gida da ake kira Little Lea, mai dogayen lunguna da ɗakunan da ba kowa, littattafai kuma jibge ko'ina, ba wanda aka hana yaro ɗauka. A nan ne shi da wansa Warren suka ƙago wata ƙasa da suka kira Boxen, inda dabbobi ke sa tufafi suna tafka siyasa.

Wannan daɗi bai daɗe ba. Cutar daji ta kama Flora, aka yi mata tiyata a cikin gidan, yaron yana jin kai-kawon likitoci. Ya yi ta addu'ar ta warke, amma ta rasu ranar 23 ga Agustan 1908, yana ɗan shekara tara. Makonni kaɗan bayan haka mahaifin, wanda baƙin ciki ya ruɗa, ya tura shi makarantar kwana a Ingila, wajen wani shugaban makaranta mai azabar duka da daga baya aka tabbatar yana da taɓin hankali. Kafin ya cika shekara 15 ya bar addini gaba ɗaya. Abin da ya cece shi ta fuskar karatu shi ne wani tsohon malami, William Kirkpatrick, wanda ya riƙe shi a gidansa daga 1914, ya koya masa Girkanci da Latin, ya kuma hore shi da cewa kada ya furta maganar da ba zai iya kare ta ba.

Ya shiga Oxford a 1917, yaƙin duniya na farko ya katse karatun. Ya isa fagen daga a Faransa ranar da ya cika shekara 19, ya ji rauni a watan Afrilun 1918, ya dawo ya kammala karatu da sakamako mafi daraja har sau uku. A 1925 kwalejin Magdalen ta ɗauke shi malami, ya zauna nan kusan shekara 30. A 1926 ya haɗu da J.R.R. Tolkien, wanda daga baya ya rubuta The Lord of the Rings, kuma wata doguwar hira da suka yi da dare a watan Satumban 1931 tana cikin abubuwan da suka mayar da shi Kiristanci. Jawaban da ya yi a rediyon BBC lokacin yaƙin duniya na biyu sun sa muryarsa ta zama sananniya a Birtaniya. Wato sa'ad da ya juya ga rubuta wa yara, mutum ne da ke da suna da mutuncin da zai iya zubarwa.

Shi da kansa ya bayyana cewa Narnia ta faro ne daga wani hoto da ya maƙale masa a zuci tun yana ɗan shekara 16: wata halitta, sama mutum ƙasa akuya, tana tafe da laima da ƙunshin kaya cikin dajin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Hoton ya kwana a ransa fiye da shekara 20. A 1939, da aka kwashe yaran Landan zuwa karkara saboda fargabar bama-baman Jamus, wasu 'yan mata suka sauka a gidansa. Daga nan aka samu 'yan'uwa huɗu na cikin labarin, Peter da Susan da Edmund da Lucy, waɗanda aka kai gidan wani tsohon farfesa, ƙaramarsu ta shiga kabad ɗin rataye tufafi ta ɓulla wata duniya da wata mayya ta ɗaure cikin hunturu mara ƙarewa. Zakin da ke mulkin wannan duniya sunansa Aslan, kalmar Turkanci mai nufin zaki, wadda Lewis ya ce ya tsinta a bayanan wata fassarar Dare Dubu da Ɗaya.

Tolkien bai so littafin ba ko kaɗan. Ya ga an yi shi cikin gaggawa, an kuma cakuɗa halittun almarar Girka da na arewacin Turai da dabbobi masu magana a tukunya guda. Lewis bai fasa ba. Littafi bakwai ya fitar, ɗaya kowace shekara daga 1950 zuwa 1956, na ƙarshen, The Last Battle, ya ci lambar Carnegie, babbar lambar adabin yara a Birtaniya.

A 1952 ya gabatar da lacca a taron ƙungiyar ma'aikatan laburare, inda ya warware matsayinsa. A ganinsa, labarin yaran da yara kaɗai ke jin daɗinsa ba labari ne mai kyau ba, ko ga yaran. Ya ce damuwa da a gan ka a matsayin babba alama ce ta ƙuruciya, domin matashin da bai gama girma ba shi ne ke tsoron a kama shi da abin yara. Shi kansa a ɓoye yake karanta tatsuniya yana ɗan shekara goma, da ya kai hamsin kuwa a bainar jama'a. Ya kwatanta girma da bishiya, wadda ke ƙara zobe bisa zobe a cikin gangar jikinta ba tare da ta yar da na ciki ba, saɓanin jirgin ƙasa da ba a cewa ya girma don ya bar wata tasha ya isa wata. Ya kuma tuna wa masu sauraro abin da Tolkien ya riga ya faɗa, cewa asalin tatsuniya ba ta yara ba ce, an mayar da ita ɗakinsu ne bayan ta fita yayi wajen manya, kamar yadda ake yi da tsofaffin kujeru. Mai karatun Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Don 'yan makaranta Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, amma duk wanda ya sake buɗe shi da furfura ya san cewa makircin waziri da siyasar fada sun fi yi masa ma'ana yanzu.

Inda hujjar Lewis ta fi tsayuwa da ƙafarta, a nawa karatun, shi ne littafi na shida, The Magician's Nephew, wanda ya fito a 1955 kuma ya fi sauran ba shi wahala. Jarumin yaro ne mai suna Digory, mahaifiyarsa na kwance tana jiran ajali. Aslan ya aike shi ya ɗauko wani tuffa daga wani lambu mai nisa, mayyar ta tare shi ta ce ya sace tuffan ya kai wa uwarsa ta warke. Yaron ya danne zuciyarsa ya cika alkawari, daga baya zakin ya ba shi wani tuffan da hannun halal, ya kai gida, uwar ta ci ta miƙe. Yaro zai karanta wannan ya yi murna an ci nasara. Babban da ya san abin da ya faru a Little Lea a 1908 kuwa yana kallon dattijo mai shekara hamsin da ɗoriya ne yana rubuta wa kansa warakar da bai samu ba. Ko bai san tarihin ba, in dai ya taɓa zaman jinya a gefen gadon mahaifi, shafukan nan ba za su wuce masa da sauƙi ba.

Sai dai idon da ke ganin wannan zurfi shi ne kuma ke ganin aibu, kuma bai kamata a rufe shi ba. Yara da yawa ba sa lura cewa mutuwar Aslan a madadin Edmund da tashinsa hoto ne na aƙidar Kirista, babba kuwa ba zai kasa gani ba, kuma Lewis bai taɓa ɓoye hakan ba. Abin da ya fi ci wa irinmu tuwo a ƙwarya shi ne mutanen Calormen, abokan gabar Narnia daga kudu: masu duhun fata, masu rawani da lanƙwasassun takubba, masu cinikin bayi, masu bautar wani dodo mai kan tsuntsu. Masu kare shi suna nuna cewa jarumar The Horse and His Boy, Aravis, 'yar ƙasar ce, kuma a littafin ƙarshe Aslan ya karɓi wani sojansu mai gaskiya da hannu biyu. Hakan gaskiya ne, amma bai goge zanen ba. Akwai kuma batun Susan, wadda aka bari a waje a ƙarshen labarin bayan ta koma ga kwalliya da biki tana kiran Narnia wasan yara. Philip Pullman da J.K. Rowling duk sun soki wannan hukunci. Ina ganin abin da Lewis ya nufa shi ne gaggawar zubar da ƙuruciya, amma kayan kwalliyar mata da ya zaɓa ya buga misali da su sun ba masu suka makami. Ni dai ban daina karantawa saboda waɗannan ba, sai dai in zan karanta wa yaro, nakan tsaya mu tattauna.

Oxford ba ta taɓa ba shi kujerar farfesa ba, sai Jami'ar Cambridge ce ta yi masa a 1954. A 1956 ya auri Joy Davidman, marubuciya 'yar Amurka, da farko don ta samu izinin zama a Ingila, daga baya abin ya zama soyayya ta gaske. Cutar da ta ɗauke mahaifiyarsa ita ta kama ta, ta ɗan samu sauƙi na wasu shekaru, ta rasu a watan Yulin 1960, ta bar masa 'ya'yanta maza biyu. A wannan karon bai nemi tuffa ba. Ya rubuta A Grief Observed, ɗan littafi mai ɗaci kan rashi da shakku, ya fitar da shi da sunan aro. Duk da haka bai daina amsa wasiƙun yaran da ke tambayarsa labarin Aslan ba, da hannunsa, har makonninsa na ƙarshe.

Ya rasu a gidansa da ke Oxford ranar 22 ga Nuwamban 1963, saura mako guda ya cika shekara 65. A ranar aka harbe Shugaban Amurka John F. Kennedy, don haka labarin bai samu kulawa sosai a jaridu ba, kuma mutane kaɗan suka halarci jana'izar, cikinsu har da Tolkien. Littattafan Narnia sun sayu fiye da kwafi miliyan 100, an fassara su cikin harsuna sama da 40. An binne shi a harabar cocin Holy Trinity da ke Headington. Warren ne ya zaɓi rubutun da aka sassaƙa a kan kabarin, wani ɗan layi daga wasan King Lear na Shakespeare, wanda shi ne ke kan kalandar ɗakin mahaifiyarsu ranar da ta rasu. Bayan shekara goma aka binne Warren a kabari ɗaya da ƙanensa.