Sepp Herberger: Kocin da ya toshe kunnensa ya ɗauko wa Jamus kofin duniya

A ranar 20 ga Yunin 1954, Hangari ta lallasa Jamus ta Yamma da ci 8 da 3 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Jaridun Jamus suka yi ca a kan kocin ƙasar, Sepp Herberger, wasiƙun zagi kuma suka riƙa isa masaukin 'yan wasansa. Mako biyu bayan haka, mutumin da ake zagin ne ya koma gida da kofin duniya.

An haifi Herberger a ranar 28 ga Maris, 1897, a gidan talakawa a birnin Mannheim. Ya taka leda a Waldhof da VfR Mannheim da Tennis Borussia ta Berlin, ya kuma buga wa ƙasarsa wasa uku. Ya gaji Otto Nerz a matsayin kocin Jamus bayan da Norway ta fitar da ƙasar daga wasannin Olamfik na 1936. Tarihinsa yana da tabo, domin ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933. Bayan yaƙi, an sake damƙa masa tawagar Jamus ta Yamma a 1950.

An san shi da littattafan da yake rubuta duk abin da ya lura da shi game da 'yan wasansa da abokan karawarsu. Da su ya dogara a 1954, lokacin da kowa ya riga ya miƙa wa Hangari kofi. Ba a yi nasara a kanta ba tun 1950, ita ta lashe zinaren Olamfik na 1952, ta kuma ci Ingila 6 da 3 a filin Wembley a 1953.

Tun kafin gasar aka fara sukarsa. Kaiserslautern ta sha kashi da ci 5 da 1 a hannun Hannover a wasan ƙarshe na gasar cikin gida, aka yi ta kiran ya watsar da 'yan wasanta. Ya ƙi. Ya killace tawagarsa a garin Spiez da ke bakin tafkin Thun, nesa da hayaniya. A karawar Basel kuwa ya hutar da wasu manyan 'yan wasansa, domin lissafinsa ya nuna masa cewa wasan da zai maimaita da Turkiyya shi ne mai yanke hukunci. Ya ci Turkiyya 7 da 2, ya fitar da Yugoslabiya da ci 2 da nema, sannan ya casa Ostiriya 6 da 1.

A wasan ƙarshe a birnin Bern, ranar 4 ga Yuli, biyar daga cikin sha ɗayan da ya tura fili 'yan Kaiserslautern ne, har da kyaftin Fritz Walter. Ya ɗora wa Horst Eckel aikin tsare Nandor Hidegkuti, wanda daga ƙafarsa hare-haren Hangari ke tasowa. Da aka tsuge da ruwan sama, takalman da Adi Dassler ya tanada, waɗanda ake iya sauya musu haƙora, suka taimaka wa Jamusawa a cikin taɓo. Cikin minti takwas Puskas da Czibor suka ci biyu. Max Morlock ya rama ɗaya, Helmut Rahn ya rama ta biyu, sannan ya ƙara ta uku ana saura minti shida a tashi.

Ga ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita shekara tara kafin nan, nasarar ta wuce batun ƙwallo. Da Herberger ya saurari masu suka ya sauya mutanensa, da wuya a ce an samu wannan rana.

Ya kai Jamus ta Yamma matsayi na huɗu a 1958 da zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a 1962, ya miƙa ragama ga mataimakinsa Helmut Schoen a 1964. Ya rasu a ranar 28 ga Afrilun 1977, wata guda bayan ya cika shekara 80.